Yadda ake tsare haƙƙi a kwangilar babban aiki, daga sa hannu zuwa raba gardama

Ga yadda abin yakan faro. Ana cikin haƙa ramin ginshiƙin gada, sai bakin injin haƙa ya ci karo da dutse a wurin da takardar binciken ƙasa ta ce laka ce da yashi. Direba ya kashe inji ya sauko. Shugaban ma'aikata ya aika a kira injiniyan da ke kula da aikin a madadin wanda ya ba da kwangilar. Injiniya ya zo ya leƙa ramin, ya sauka ya shafa dutsen da tafin hannunsa, ya ce, "Ku kawo injin fasa dutse ku ci gaba, kada aiki ya tsaya. Maganar kuɗi ma zauna daga baya." Shugaban ma'aikata ya ce, "To Injiniya, an gama." Ba wanda ya rubuta komai, don ana zaman mutunci, kuma kowa yana ganin miƙa takarda a irin wannan lokaci neman rigima ne. Aka kwashe mako bakwai ana fasa dutse. Bayan wata takwas ɗan kwangila ya kai lissafinsa, aka mayar masa da amsa layi biyu: ba ka ba da sanarwa cikin kwana 28 ba, saboda haka ba ka bin kowa komai. Injiniyan da ya shafa dutsen kuwa tuni an mayar da shi wani aikin.

Wannan abu yana ci mini rai, domin mutumin nan da gaskiyarsa. Dutsen yana nan, an fasa shi, an kashe kuɗi, amma takarda guda da ba ta wuce shafi ɗaya ba ta raba shi da haƙƙinsa. Yawancin rigingimun manyan ayyuka, hanya ce ko dam ko tashar lantarki ko layin dogo, a bakin rami ake cin su ko a faɗi, tun shekaru kafin lauya ya buɗe fayil. Matakan da ke tafe na ɗan kwangila ne da kuma mai aiki, wato wanda ya ba da kwangilar, ko gwamnati ce ko kamfani. Dokar kowace ƙasa da nata hukuncin, don haka lauyan da ya san dokar da kwangilarka ke ƙarƙashinta dole ne. Sai dai akwai abin da lauya ba zai iya yi maka ba.

Mataki na farko: gane asara ta hau kan wa

Kwangilar gini rabon asara ce tun kafin ta auku. Idan ƙasa ta zo da abin da ba a zata ba, wa zai biya? Idan zane ya zo da kuskure fa? Idan siminti da ƙarfe suka yi tsada? Kafin ka duba farashi, nemi amsar waɗannan.

Da yawa daga cikin manyan ayyukan da suka haɗa ƙasa da ƙasa ana gina kwangilarsu ne a kan samfurin ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya, FIDIC, wadda aka kafa a 1913, mai hedikwata a Jeneba. Da launin bangonsu ake kiran samfuran. Jan littafi, wanda ya fara fitowa a 1957, na aikin da mai aiki ya kawo zanensa ne, ɗan kwangila ya gina, a auna abin da ya yi a biya shi. A nan kuskuren zane na mai aiki ne. Rawayan littafi na aikin da ɗan kwangila zai zana kuma ya gina ne, a kan dunƙulallen farashi. Mai launin azurfa, wanda ya fito a 1999, shi ne na "gama ka miƙa mini makulli", kuma a cikinsa kusan duk wata kasada, har da abin da ke ɓoye a ƙarƙashin ƙasa, ta koma wuyan ɗan kwangila. Akwai bugun 1999 da na 2017, dukansu ana aiki da su, kuma kwanakin da suka tanada sun sha bamban a wurare da dama. Tabbatar da wanne ne a hannunka. Akwai kuma samfurin NEC na Birtaniya, wanda ya fara a 1993, mai tsarin gargaɗi da wuri, da wa'adin mako 8 na kai koke.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Mai aikin da ya ɗora wa ɗan kwangila kasadar da ba wanda zai iya ƙiyasta ta, kamar haƙa ramin jirgin ƙasa cikin tsaunin da ba a bincika sosai ba, bai kuɓuta daga komai ba. Ko dai a saka masa ita cikin farashi ninki, ko a karɓi aikin da araha a zo ana rigima a tsakiya. Ita kanta FIDIC ta yi gargaɗi cewa littafin azurfa bai dace da aikin da yawancinsa a ƙarƙashin ƙasa yake ba.

Mataki na biyu: karanta inda aka taɓa

Sharuɗɗan gama-gari kowa ya san su. Tarkon yana cikin sharuɗɗa na musamman, inda lauyoyin ɗaya ɓangaren suka goge nan, suka ƙara can. Ka ajiye samfurin asali a dama, wanda aka ba ka a hagu, ka bi sashe bayan sashe. Sau da yawa kalma uku da aka cire sun isa su mayar da jan littafi ya zama na azurfa, bangon kawai ya rage.

Daga nan duba jerin fifikon takardu, domin kwangila ba takarda ɗaya ba ce. A jan littafin 1999 takardar yarjejeniya ce a sama, sai wasiƙar amincewa, sai wasiƙar tayi, sai sharuɗɗa na musamman, sai na gama-gari, sai bayanin ingancin aiki, sai zane, sai sauran jadawaloli. Idan biyu suka ci karo, ta sama ce ke rinjaye. Wannan yana nufin duk wani sharaɗi da ka gindaya a lokacin tayi, idan bai shiga cikin jerin nan ba, tamkar ba ka faɗe shi ba.

Kada ka bar wa injiniyoyi kaɗai karatun bayanin fasaha, ka bar wa lauyoyi kaɗai karatun sharuɗɗa. Su zauna tare. Shari'ar da Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke a 2017 tsakanin MT Højgaard da E.ON ta isa darasi. Kamfanin ya zana kuma ya kafa tubalan injinan samar da lantarki daga iska a cikin teku, a Robin Rigg, tsakanin Ingila da Sikotilan. Ya bi ƙa'idar zane ta ƙasa da ƙasa da kwangilar ta ce a bi, ba tare da sakaci ba. Ashe ita ƙa'idar akwai kuskure a lissafinta, wanda ba wanda ya lura da shi a lokacin. Tubalan suka fara lalacewa jim kaɗan bayan kammalawa, gyaran ya kai Yuro miliyan 26.25. Kotu ta ce kamfanin ne zai biya, saboda a can cikin takardun fasaha akwai ɗan sakin layi da ya ce a zana tubalan yadda za su yi shekara 20. Akwai tazara mai nisa tsakanin alkawarin "zan yi aiki da ƙwarewa da kulawa" da alkawarin "abin da na gina zai biya buƙatar da aka gina shi dominta." Na biyun ya fi nauyi sosai, kuma inshorar masu zane galibi ba ta ɗaukarsa. Ka nemo shi duk inda ya ɓuya.

Mataki na uku: ƙasa

Karɓi duk rahoton binciken ƙasa da mai aiki yake da shi, ka kuma taka wurin da ƙafarka, ka tambayi tarihinsa. A bugun 1999, sashe na 4.12 na jan littafi da rawaya yana ba da ƙarin lokaci da kuɗi ne kawai a kan abin da gogaggen ɗan kwangila ba zai iya hangowa ba a ranar miƙa tayi. A shari'ar ramin mota da aka so haƙawa ƙarƙashin titin saukar jirage na Jibralta, wadda aka yanke a Landan a 2014, ɗan kwangilar ya ce gurɓatacciyar ƙasar da ya tarar ta wuce abin da rahoto ya nuna. Kotu ta ce wurin sananne ne da daɗewar ayyukan soja, gogaggen ɗan kwangila ba zai tsaya ga alƙaluman rahoton mai aiki kawai ba, zai yi nasa nazarin. Ya faɗi a wannan gaɓa. Idan aikin mai haƙa ne da yawa, ku nemi a sa takardar da ta fayyace yanayin ƙasar da aka gina farashi a kansa. Abin da ya wuce wannan layi na mai aiki ne, abin da bai kai ba na ɗan kwangila.

Mataki na huɗu: maganar kuɗi

Kuɗin kafin alƙalami ba kyauta ba ne, bashi ne da za a riƙa cirewa daga biyan wata-wata, kuma a kan takardar lamunin banki ake ba da shi. Haka lamunin cika aiki, wanda sau da yawa kashi 10 cikin ɗari ne na kuɗin kwangila. Abin dubawa shi ne ko lamunin irin wanda banki ke biya da zarar an nema ne, ko kuwa sai an tabbatar da laifi. Na farkon kusan tsabar kuɗi ne a hannun mai aiki, kotuna ba su cika hana biyansa ba sai an nuna zamba ƙarara. Ka tabbata yana da ranar ƙarewa a rubuce, kuma kwangilar ta lissafa dalilan da za a iya nemansa.

Sai diyyar jinkiri, wadda ake yanke wa kowace rana da aiki ya wuce wa'adi. A sa mata iyaka. Mai aiki kuma kada ya zuba adadin da ya ga dama. A dokar Ingila, tun bayan hukuncin Cavendish da Makdessi na 2015, kotu na iya soke adadin da ya yi wa halastacciyar buƙatar mai aiki nisa fiye da kima. A ƙasashe da dama masu bin tsarin dokar Faransa kuwa alƙali na da ikon rage shi ko ƙara shi.

Aikin da zai wuce shekara ɗaya ko biyu yana buƙatar lissafin daidaita farashi idan kaya sun tashi, da bayanin irin kuɗin da za a biya da shi, da wanda zai ɗauki asarar canjin doka ko haraji. A FIDIC ana ƙirga wannan daga kwana 28 kafin ranar rufe karɓar tayi. Wani sashe da 'yan kwangila ke jin nauyin amfani da shi shi ne 2.4, wanda ya ba su damar neman mai aiki ya nuna shaidar cewa yana da kuɗin biyan aikin. Ba rashin kunya ba ne. Gara a ji nauyin tambayar yau da a zo ana bin bashin wata goma.

Idan za ka raba aiki ga ƙananan 'yan kwangila, kwanakin da ka ba su na kai koke su gaza naka, don ka samu sararin tura shi sama kafin naka wa'adin ya cika.

Mataki na biyar: shirya wa rigima tun ana dariya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Sashen raba gardama shi ake bari sai daren sa hannu, kowa ya gaji, a kwafo daga wata tsohuwar kwangila. Abu huɗu ne a fayyace: dokar ƙasar da za a fassara kwangilar da ita, harshen da ke rinjaye idan an rubuta ta da biyu, wanda zai yanke hukunci na ƙarshe, da garin da za a ɗauka a matsayin mazaunin shari'ar.

Manyan ayyuka galibi ba kotu suke zaɓa ba. Suna zaɓar abitireshan, wato shari'a a gaban alƙali ɗaya ko uku da ɓangarorin suka naɗa, ƙarƙashin ƙa'idojin wata cibiya kamar ta ICC, ƙungiyar 'yan kasuwa ta duniya da ke Faris. Babban dalili shi ne Yarjejeniyar Niyok ta 1958, wadda ƙasashe sama da 170 suka shiga. Da ita ake iya ɗaukar hukuncin da aka yanke a wata ƙasa a je a zartar da shi a kan dukiyar wanda aka kayar a wata. Mazaunin shari'a ba maganar inda ya fi daɗin sauka ba ce. Kotunan wannan gari ne ke da ikon soke hukuncin, don haka a zaɓi inda kotunansa ba su saba yin katsalandan ba. Idan da hukumar gwamnati kake kwangila, lauyanka ya binciko ko wanda zai sa hannu yana da ikon ɗaure hukumar, ko an bi dokar ba da kwangila ta ƙasar, da ko kariyar da gwamnatoci ke da ita za ta hana ka taɓa dukiyarta in ka yi nasara.

Sannan ku naɗa kwamitin raba gardama tun farkon aiki: ƙwararru uku, ko ɗaya a ƙaramin aiki, masu ziyartar wurin lokaci zuwa lokaci. An fara gwada wannan dabara a 1975 a rami na biyu na Eisenhower da ke Kolorado a Amurka, kuma bugun FIDIC na 2017 ya mayar da kwamitin na dindindin a littattafan uku. Ana yawan ƙin naɗa shi don tsimin kuɗin alawus. Wannan tsimi ne mai tsada, domin ranar da rigima ta ɓarke, ko sunan mutum ɗaya ba za ku iya yarda a kansa ba.

Mataki na shida: sanarwa

Nan ne zuciyar maganar. Ranar da aka sa hannu, a ɗauki kwangilar a fitar da duk wani wa'adi da ke cikinta a shafi ɗaya, a manna a ofishin wurin aiki, a ɗora wa mutum ɗaya takamaimai alhakinsa. Ba lauyan da ke hedikwata ba, wanda ke shaƙar ƙurar wurin kullum.

A FIDIC, ɗan kwangila yana da kwana 28 daga ranar da ya san abin da ya faru, ko ranar da ya kamata a ce ya sani, ya ba da sanarwar neman ƙarin lokaci ko kuɗi. In ya wuce, haƙƙin ya faɗi. A bugun 1999 ɗan kwangila kaɗai wannan takobi ke sara. A na 2017 har mai aiki, idan shi ke neman wani abu. Bayan sanarwa sai cikakken bayani da lissafi: kwana 42 a bugun 1999, kwana 84 a na 2017. Wasu ƙasashe dokarsu takan sassauta wannan bisa ƙa'idar kyakkyawar niyya, amma kada ka jingina kuɗinka da fatan sassauci.

Me sanarwar za ta ƙunsa? Ba ta buƙatar ado. Kwanan wata, sunan aikin, kalmar "sanarwa" a sama ɓaro-ɓaro, sashen kwangilar da ka dogara da shi, abin da ya faru da ranar da wurin, sai jimla ɗaya mai cewa kana neman ƙarin lokaci da kuɗi, cikakken lissafi yana tafe. A aika wa wanda kwangila ta ambata, a adireshin da ta ambata, ta hanyar da ta yarda da ita, a kuma karɓi shaidar isarwa. Saƙon WhatsApp ga mataimakin injiniya ba zai tsaya maka ba idan kwangilar ba ta san da shi ba.

Koma ga shari'ar Jibralta. Alƙali ya yarda cewa ruwan sama mai yawa ya ci wa ɗan kwangilar kwana 6. Amma abin da ya nuna a matsayin sanarwa shi ne wani layi a rahoton wata-wata da ke cewa ruwa ya shafi aiki. Alƙali ya ce wannan labari ne, ba neman haƙƙi ba, dole takarda ta kasance wadda mai karatu zai gane koke ce. Kwana shidan suka tafi.

Na san abin da ke hana mutane. Ana tsoron a ɓata wa injiniya rai, a ce ɗan kwangilar nan mai neman fitina ne. Maganin wannan shi ne a faɗe ta a taron farko, gaban kowa: "Injiniya, za ka riƙa ganin takardu daga wurinmu a kai a kai. Ba ƙararka muke yi ba, kwangilar ce ta ɗora mana, kuma kai ma gara ka ji da wuri." Gaskiya ce kuwa. Sanarwa tana ba mai aiki damar canja shawara tun asarar tana ƙarama. Da an sanar da shi dutsen nan a makon farko, wataƙila da ya ce a matsar da ginshiƙin.

Haka batun canjin aiki. Duk umarnin da ya ƙara, ya rage ko ya sauya abin da aka yi yarjejeniya a kai, a same shi a rubuce kafin a taɓa. Jan littafin 1999 ya bar ƙofa: in injiniya ya ba da umarni da baki, ka rubuta masa tabbaci cikin ranakun aiki 2, in bai musa ba cikin wasu 2, ya zama rubutacce. Bugun 2017 ya rufe wannan ƙofa. Kuma a bincika ko wanda ya ba da umarnin yana da ikon bayarwa, don sau da yawa sharuɗɗa na musamman sun ce sai da amincewar mai aiki idan kuɗin ya kai wani adadi.

Mataki na bakwai: rubutun kullum

Alƙalan da za su saurari rigimarku bayan shekara biyar ba su ga ramin ba. Abin da aka rubuta a ranar kaɗai za su gani. Littafin wurin aiki ya nuna ma'aikata nawa suka fito, a wane ɓangare, wane inji ya yi aiki, wanne ya tsaya, awa nawa, saboda me. "An samu tsaiko" ba ta da amfani. "Injin haƙa biyu sun tsaya daga ƙarfe 9 zuwa 3 a ginshiƙi na 4, ana jiran zanen da aka nema ranar 6 ga wata" ita ce shaida. A ɗauki hoto mai kwanan wata, a sa sandar awo a jikin dutsen. In da hali wakilin injiniya ya sa hannu a shafin kowace rana, ko da zai rubuta cewa adadin kawai ya shaida, bai amince da koken ba. Bayanin taro kuma a karanta shi kafin a amince, a gyara kuskure a rubuce cikin makon.

Jadawalin aiki shi ne ƙashin bayan duk wani neman ƙarin lokaci. A miƙa na farko a kan kari, a riƙa sabunta shi kowane wata da abin da ya faru na haƙiƙa, a adana kowane tsohon kwafi yadda yake. Ba kowane tsaiko ke jawo ƙarin lokaci ba, sai wanda ya taɓa jerin ayyukan da ranar kammalawa ta rataya a kansu. Jinkirin fentin shinge ba ya hana buɗe gada, jinkirin ginshiƙi yana hanawa. Inda aka fi kai ruwa rana shi ne idan laifin mai aiki da na ɗan kwangila suka haɗu a lokaci guda. A dokar Ingila abin da aka fi bi shi ne a ba da ƙarin lokaci ba tare da kuɗin zaman ba, sai in kwangila ta tsara wani abu dabam, kuma kotu ta tabbatar a 2018 cewa tana iya tsarawa. Ƙasashe sun bambanta a nan, don haka a rubuta matsayar a kwangila.

Wajen haɗa koke, kowane abu da lissafinsa: ga abin da ya faru, ga sashen, ga kwanakin da ya ci, ga kuɗin da rasit. Tattara duk asarar aiki a dunƙule a ce mai aiki ne sila, ba tare da rarrabewa ba, koke ne mai rauni. Kumbura lissafi kuma yana zubar da mutuncin sauran koken da ke da gaskiya.

Mataki na takwas: hawa tsani daki-daki

In an ƙi koke, akwai tsani, kuma tsallake mataki na iya sa a kori ƙararka. A bugun 2017 injiniya yana da kwana 42 ya nemi daidaita ku, da wasu 42 ya yanke nasa hukunci ba tare da son kai ba. Wanda bai gamsu ba ya ba da sanarwar rashin gamsuwa cikin kwana 28, in ya yi shiru hukuncin ya zauna daram. Sai a kai wa kwamitin raba gardama cikin kwana 42, shi kuma ya yanke cikin kwana 84. Hukuncin kwamiti ana aiki da shi nan take ko da za a ƙalubalance shi: biya yanzu, gardama daga baya. Birtaniya ta mayar da irin wannan tsari doka tun 1996, inda mai raba gardama ke yanke hukunci cikin kwana 28, don kada kuɗi ya daskare aiki ya mutu. Bayan kwamiti akwai wata sanarwar rashin gamsuwa cikin kwana 28, sai ɗan lokacin neman sulhu, sannan abitireshan.

Wannan lokaci na sulhu kada a ɗauke shi al'ada kawai. A zaunar da shugabannin da ke da ikon cewa "na yarda", waɗanda ba su ne suka yi ta musayar zafafan wasiƙu ba, in ya yiwu da mai shiga tsakani. Abitireshan na babban aiki yana cin shekaru da kuɗi mai yawa. Faɗaɗa mashigin ruwan Panama misali ne: a farkon 2014 aiki ya tsaya na ɗan lokaci a kan neman ƙarin kimanin dala biliyan 1.6, an buɗe sabon mashigin a watan Yunin 2016, amma shari'o'in suka ci gaba shekaru bayan jiragen ruwa sun fara wucewa.

Gargaɗi mai nauyi a kan dakatar da aiki da soke kwangila. Fushi ba hujja ba ne. Ɗan kwangilar da ba a biya ba yana da hanya: a bugun 1999 ana biya cikin kwana 56 daga ranar da injiniya ya karɓi lissafi, in an saɓa akwai kuɗin jinkiri, kuma yana iya dakatarwa ko rage aiki bayan sanarwar kwana 21. Wanda ya kwashe injinansa ba tare da wannan ba ya mayar da kansa mai laifi. Mai aiki ma haka: sanarwar gyara tukuna, mai faɗin laifin da lokacin gyara shi, sannan sanarwar soke kwangila bisa dalilin da kwangilar ta lissafa. Soke kwangila ba bisa ƙa'ida ba yana juya shari'a gaba ɗaya, wanda ya kora ya koma shi ake bi diyya. Kada a aika irin wannan wasiƙa sai lauya ya karanta ta kalma bayan kalma.

Mataki na ƙarshe: rufe littafi

Takardar karɓar aiki tana tsayar da diyyar jinkiri, tana mayar da kula da ginin hannun mai aiki, tana sakin rabin kuɗin da mai aiki ke riƙewa daga biyan wata-wata a matsayin jingina, kuma daga ita ake fara ƙirga lokacin gyaran aibu, wanda galibi kwana 365 ne. Ka neme ta da zarar aiki ya kai, kuma in mai aiki ya fara amfani da wani sashe kafin a ba da ita, ka rubuta a ranar. A bugun 1999 ana miƙa lissafin kammalawa cikin kwana 84 bayan karɓar aiki, lissafin ƙarshe kuma cikin kwana 56 bayan takardar cika alkawari, wadda ake bayarwa in lokacin gyaran aibu ya ƙare. Duk koken da bai shiga cikinsu ba, mai aiki ya fita daga alhakinsa. Takardar sallama da za a ba ka ka sa wa hannu, karanta ta, ka rubuta a jikinta duk rigimar da ba a gama ba.

Kada a watsar da takardu don an yanke ƙyalle. A Ingila ana iya kai ƙara har shekara 6, ko 12 idan kwangilar irin mai hatimi ce. A Faransa da ƙasashe da dama da suka ɗauki tsarinta, magini yana ɗauke da alhakin ƙarfin ginin shekara 10 daga ranar karɓa, kuma ba a iya soke wannan da yarjejeniya. Kafin ma'aikata su watse, a tattara littattafan wurin aiki, hotuna, wasiƙu, saƙonnin imel da kowane kwafin jadawali, a yi musu kwafi biyu a wurare dabam-dabam, a kuma rubuta sunan wanda ya riƙe kowane ɓangare na aikin da inda za a same shi.